Jiran Awa Biyu, Aikin Sakan Goma: Yadda Ake Gina Ma'aunin Lokaci a Cikin Na'ura

Duk gidan da ke da firji da sitabilaiza an saba da wannan: a dawo da wuta, ƙwan fitila ya kama, fanka ta fara juyawa, amma firji ya yi tsit, sai bayan kamar minti uku a ji ƙas, ya tashi. Da gangan aka saka wa sitabilaizar wannan jinkiri. Idan aka kashe kwamfuresar firji aka sake kunna ta nan take, gas ɗin da ke cikin bututunta yana nan a matse, moton ba zai iya tura shi ba, sai ya yi ta jan wuta yana zafi, wani lokaci har ya ƙone. Minti ukun nan su ke ba gas ɗin damar lafawa.

Irin wannan jira yana ko'ina. Waifar mota takan share gilashi sau ɗaya ta dakata, sannan ta sake. Danjar kan titi tana riƙe ja na wani lokaci kafin ta ba da kore. Injin ƙyanƙyasar ƙwai yakan yi shiru na awa ɗaya ko biyu, sannan motonsa ya tashi na 'yan sakanni ya karkata farantin ƙwan, ya koma ya kwanta. Abin da ke ba masu koyon aikin lantarki mamaki shi ne, sa na'ura ta yi abu cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan ba wuya, amma sa ta jira awa biyu cif, yau da gobe, rani da damina, shi ne jan aiki.

Randa da siririn bututu

Tushen kowane ma'aunin lokaci mai sauƙi abu biyu ne: kafasita da rasista. Kafasita ma'ajiyar caji ce, rasista kuwa ita ke taƙaita yawan wutar da ke wucewa. A ɗauki kafasita a matsayin randa, rasista kuma siririn bututun da ke ɗiga mata ruwa. In randar babba ce, ko bututun ya cika ƙunci, cikawa za ta ɗauki lokaci. Sai a ja layi a jikin randar, a ce da zarar ruwa ya kai nan, lokaci ya yi.

Lissafin ba shi da sarƙaƙiya. A ninka girman rasista da om sau girman kafasita da farad, abin da ya fito sakanni ne. Rasista mai om 100,000 da kafasita mai maikurofarad 100 sun ba da sakan 10, kuma a cikin wannan lokaci kafasitar da ta taso daga fanko za ta kai kashi 63 cikin ɗari na ƙarfin batirin. Sai dai cikawar ba gudu ɗaya take yi ba. Da farko da sauri, daga baya sai ta riƙa jan ƙafa, domin gwargwadon yadda ta cika, gwargwadon yadda ƙarfin da ke tura wutar ke raguwa.

Da wannan dabara Robert Kearns, malamin injiniyanci a Jami'ar Wayne State da ke Detroit, ya gina waifa mai dakatawa, ya kuma nemi rajistar haƙƙin ƙirarsa a 1964. Kafasita na cika ta cikin rasista, idan ta kai wani mataki sai tiransista ta kunna moton waifa ya yi shara ɗaya. Maɓallin da direba ke murɗawa don ƙara ko rage tazara, girman rasistar kawai yake sauyawa. Kamfanonin mota sun ɗauki ƙirar ba da yardarsa ba, ya shafe shekaru yana shari'a, har a 1990 kamfanin Ford ya biya shi dala miliyan 10.2.

Ɗan baƙin guntu mai ƙafa takwas

A 1971 wani injiniya haifaffen Zurich ta ƙasar Suwizalan, Hans Camenzind, ya yi wa kamfanin Signetics na Kalifoniya aikin kwangila: ya tattara duk abin da ake buƙata don sa ido kan cikar kafasita a cikin guntun silikon guda. Da hannu ya zana shi, da tiransista ashirin da 'yan kai. Ƙirarsa ta farko ƙafa tara take buƙata, wanda zai tilasta a saka ta a babban gida mai ƙafa 14, sai ya sake zama ya rage ta zuwa takwas. A 1972 aka fitar da shi kasuwa da lamba 555. Camenzind ya rasu a 2012, amma har yau kamfanoni da dama na buga wannan ai-si, an ma taɓa ƙiyasta cewa ana yin kusan biliyan ɗaya a shekara. Mai neman sa a shagunan kayan rediyo na Sabon Garin Kano ko Alaba ta Legas ba zai sha wahala ba.

Hikimar da ke cikinsa ita ce rasista uku masu girma ɗaya da aka jera, suka raba ƙarfin batiri gida uku. Idan aka taɓa ƙafa ta 2 da ƙarfin da bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, ƙafa ta 3 sai ta ba da wuta, kafasita ta fara cika. Ƙafa ta 6 na sa ido. Da zarar cajin ya kai kashi biyu cikin uku, sai ƙafa ta 3 ta ɗauke, ƙafa ta 7 kuma ta zubar da abin da ke cikin kafasitar. Tunda layin da aka ja kaso ne na ƙarfin batirin, ko batirin bolt 12 ne ko ya sauka zuwa 9, lokacin kusan ɗaya ne. Tsawonsa shi ne rasista sau kafasita sau 1.1. Om 100,000 da maikurofarad 100 za su ba da sakan 11. Om 330,000 da maikurofarad 470 za su ba da kusan sakan 170, ɗan ƙasa da minti uku, daidai da buƙatar mai gadin firji.

Inda randa ke yoyo

Mai kiwon kaji da ke son haɗa injin ƙyanƙyasa na gida buƙatarsa a fili take. Ƙwan kaza na yin kwana 21 a zafin da ke kusa da digiri 37.5, kuma dole a riƙa juya shi sau da yawa a rana har zuwa kwana na 18, in ba haka ba ɗan tsakon ya manne da fatar cikin ɓawo. A ce ana son juyi duk bayan awa biyu, wato sakan 7,200. A kan takarda, rasista mai om miliyan ɗaya da kafasita mai maikurofarad 6,800 sun kusa biyan buƙata. A kan teburin aiki labarin ya sha bamban.

Kafasita mai wannan girma sai irin mai ruwan sinadari a ciki, wadda ke kama da ƙaramin gwangwani. Abin da aka rubuta a jikinta kan iya saɓa wa ainihin girmanta da kashi 20 cikin ɗari, sama ko ƙasa, kuma a awa biyu wannan ya zama minti 24. Wannan ma da sauƙi, domin ana iya gyara shi da rasista mai murɗawa. Babbar matsalar ita ce yoyo. Irin wannan kafasita tana tsattsafar da cajinta a hankali ta cikin jikinta, kamar yadda randar ƙasa ke yi. Da batiri mai bolt 12 da rasista mai om miliyan ɗaya, wutar da ke shiga a farko maikuro'amfiya 12 ce kacal, wato kashi 12 cikin miliyan na amfiya ɗaya. Lokacin da caji ya doshi bolt 8, inda layin yake, abin da ke shiga ya ragu zuwa 4. Idan yoyon ya kai 4, abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita, cajin ya tsaya cak a ƙasa da layi, moton kuma ba zai taɓa tashi ba. Iyakar yoyon da masana'antu ke halattawa ga kafasita mai wannan girma ta haura maikuro'amfiya 1,000. Sabuwa mai kyau ba ta kusantar wannan adadi, amma ba wanda ya yi alƙawarin za ta tsaya a ƙasa da 4.

Zafi na ƙara dagula lamarin. Yoyo na ƙaruwa da zafi, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 na rage tsawon ran irin wannan kafasita da rabi. Da'irar da aka gwada ta yi daidai a sanyin hunturu tana iya rikicewa a watan Afrilu a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda zafin inuwa ke wuce digiri 40, balle cikin akwatin da ke kusa da hita. Ƙara girman rasista ma ba mafita ba ce, domin shi kansa 555 yana ɗan shan wuta ta ƙafa ta 6, shi ya sa takardar bayanansa ta kafa iyaka daga kamar om miliyan 3 zuwa miliyan 10, gwargwadon ƙarfin batiri. Nau'insa na zamani mai ƙarancin cin wuta, kamar TLC555 da ICM7555, ya sassauta wannan iyaka, amma bai hana kafasita yoyo ba.

A daina jira, a fara ƙirga

Mafitar da masana suka tsaya a kai ita ce a bar babbar randa, a ɗauki ɗan ƙoƙon da ba ya yoyo, a riƙa cika shi ana zubarwa, ana ƙirga sau nawa. Ƙaramar kafasita mai maikurofarad 1 ta leda, irin wadda ba ruwa a cikinta, kusan ba ta yoyo kuma zafi bai cika sauya ta ba. Abin da ya rage shi ne mai ƙirga.

Ai-si mai lamba CD4060, mai ƙafa 16, an yi shi ne don wannan aiki. A cikinsa akwai sashen da ke bugawa a kai a kai, da matakai 14 jere da juna, kowanne na raba bugun na gabansa gida biyu: 2, 4, 8, 16, har zuwa 16,384. Mataki na 13, wanda ke fita ta ƙafa ta 2, yana kammala zagaye ɗaya duk bayan bugu 8,192. A raba sakan 7,200 da 8,192, a samu kusan 0.88. Ke nan ana buƙatar bugu ɗaya a ɗan ƙasa da sakan guda, kuma kafasita mai maikurofarad 1 da rasista mai kusan om 380,000 za su samar da shi.

A nan ne mai haɗawa ke samun sauƙin da ba ya samu a tsohuwar hanya. Ba sai ya zauna awa biyu yana gadin agogo kafin ya san ko ya dace ba. Zai saka ɗan ƙwan fitila da rasistarsa a ƙafa ta 7, wadda ke raba bugun gida 16. Idan komai daidai ne, fitilar za ta kama na sakan 7, ta mutu na sakan 7. Sai ya riƙe agogon wayarsa a hannun hagu, ƙaramin sukundireba a dama, ya ƙirga kamawa goma. In sun ɗauki minti biyu da sakan 20, ya dace. In sun gaza ko sun zarce, ya ɗan murɗa rasista ya sake ƙirgawa. Kuskuren sakan ɗaya a zagayen wannan fitila daidai yake da kusan minti takwas da rabi a awa biyun, don haka ƙirga goma ya fi ƙirga ɗaya amfani. Wanda ke son jira mafi tsawo akwai CD4541, mai rabawa har gida 65,536.

Gajeren bugu

Jira rabin aiki ne. Moton juya ƙwai sakan goma kawai ake so ya yi, kuma ƙafa ta 2 ta CD4060 takan yi awa guda tana ba da wuta, awa guda tana ƙasa. Idan aka haɗa ta kai tsaye da ƙafar tayar da 555, shi kuma muddin ana danne da wannan ƙafa ba ya sakin aikinsa, moton zai yi awa cur yana juyawa. Shi ya sa ake saka 'yar mitsitsiyar kafasita a tsakani, mai kashi ɗaya cikin ɗari na maikurofarad, tare da rasista mai om 10,000 da ke jan ƙafar zuwa sama. Wannan haɗi ba ya barin komai ya wuce sai lokacin faɗuwar wutar kanta, taɓawa ɗaya da ba ta kai kashi ɗaya bisa dubu na sakan ba. Daga nan 555 ya karɓa, ya riƙe rile, wato makunnin da ke tayar da moton, na sakan 11 ya saki. A wannan ɗan gajeren aiki kafasita mai ruwa ta wadatar, tunda kuskurenta bai wuce sakan biyu da ɗan kai ba. Raba aikin gida biyu, ɗaya na jira ɗaya na bugawa, yana ba da damar a gyara kowanne ba tare da an taɓa ɗayan ba.

Abu biyu ne sabon hannu kan manta. Na farko dayod a gicciye kan nannaɗaɗɗiyar wayar rile, domin idan aka yanke mata wuta takan mayar da martani da ƙarfin da zai iya kashe ai-si. Na biyu ƙaramar kafasita daf da ƙafafun wutar kowane ai-si, don kada hayaniyar moto ta sa mai ƙirga ya yi tsallake.

Gajeren bugu bayan doguwar tazara ya taɓa sauya tarihin likitanci. A shekarun 1950, Wilson Greatbatch yana haɗa da'irar naɗar sautin zuciya a Buffalo ta jihar New York, sai ya ɗauko rasistar da ta fi wadda yake nufi girma nesa ba kusa ba. Da'irar ta fara ba da bugu na kashi 1.8 cikin dubu na sakan, ta yi shiru na sakan guda, ta sake. Ya gane cewa wannan tafiyar zuciyar ɗan Adam ce. A 1960 likita William Chardack ya dasa wa majinyata na'urar daidaita bugun zuciya da aka gina kan wannan ƙira, shekara biyu bayan Rune Elmqvist da Ake Senning sun dasa ta farko a Siwidin. Tunda na'urar ba ta aiki sai ƙasa da kashi biyu cikin dubu na lokacin, batirinta kan daɗe a cikin jiki. Wajen gajartar bugu, shi 555 na asali yana iya saukowa zuwa kamar kashi 10 cikin miliyan na sakan. Abin da ya fi haka gajarta sai a koma ga irin su 74HC123.

Kiristal, batiri da ɗaukewar wuta

Ƙwai ba ya damuwa da saɓanin minti biyu, amma agogo na damuwa. A nan ake maye gurbin rasista da kafasita da ɗan yankin dutsen kwaz, wanda masu gyara ke kira kiristal. Warren Marrison da abokin aikinsa J. W. Horton ne suka gina agogon kwaz na farko a ɗakunan binciken Bell a 1927, kamfanin Seiko na Jafan kuma ya fitar da na hannu a Disambar 1969. Kiristal ɗin da ke cikin agogon hannu da na bango a yau yana karkarwa sau 32,768 a sakan. An zaɓi wannan adadi ne domin idan aka raba shi biyu sau 15 a jere, sai a samu bugu ɗaya a sakan. Kuskurensa bai cika wuce sakan biyu a rana ba. An yanka shi ne ya fi daidaito a digiri 25, don haka a zafin digiri 45 yakan ƙara ja baya da kamar sakan ɗaya a kowace rana. Akwai ai-si irin DS3231 da ke auna zafi yana gyara kansa, kuskurensa kusan minti ɗaya ne a shekara, kuma batiri mai kamar kwabo na riƙe masa lokaci idan wuta ta ɗauke.

Batun ɗaukewar wuta ba ƙarami ba ne ga mai haɗa irin wannan da'ira a ƙasashenmu. Mai ƙirga ba ya tuna inda ya tsaya. Idan ana ɗauke wuta kafin awa biyu ta cika, kullum daga sifili zai faro, ƙwai kuma su wuni ba a juya su ba, alhali fitilar gwaji na nuna komai lafiya. Maganin shi ne a ba sashen ƙirga batirinsa, ko a ɗora shi kan batirin sola. Abin da CD4060 ke ci ƙanƙane ne ƙwarai. Sababbin ai-si sun ma wuce nan: TPL5110 na kamfanin Texas Instruments yana iya jira daga kashi ɗaya cikin goma na sakan har awa biyu da wutar da ba ta wuce kashi 35 cikin biliyan na amfiya ba.

Ƙirga ma na da iyaka

Yau da yawa sun koma ga ƙananan kwamfutoci masu guntu ɗaya, irin allon Arduino da aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005. Layi kaɗan na umarni sun isa a ce jira awa biyu, kunna sakan goma, daina juyi a kwana na 18. Amma a can ciki ƙirgar nan ce dai, kuma kowane mai ƙirga yana da adadin da in ya kai sai ya koma sifili. Na Arduino, mai ƙirga kashi ɗaya bisa dubu na sakan, yakan cika bayan kwana 49 da awa 17. Ƙyanƙyasa ɗaya ba za ta kai nan ba, amma injin da aka bari a kunne zubi uku a jere zai kai, kuma in ba a rubuta lissafin da kula ba zai rikice a wannan dare.

Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami. A 2015 hukumar kula da sufurin sama ta Amurka ta yi gargaɗin cewa na'urorin sarrafa janaretocin jirgin Boeing 787 za su iya kashe kansu gaba ɗaya idan suka yi kwana 248 a kunne ba a kashe ba, saboda cikar wani mai ƙirga. A ɗakin gwaji aka gano shi, aka umarci kamfanonin jirage su riƙa kashe wutar jirgin suna kunnawa kafin a gyara manhajar. Kuskuren ƙirgar da ya faru a Dahran ta Saudiyya kuwa ya zo da asarar rai. Ranar 25 ga Fabrairun 1991, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta yi kusan awa 100 a kunne. Agogonta na ƙirga kashi ɗaya cikin goma na sakan, kuma ɗan guntun kuskuren da ke cikin lissafin kowane bugu ya taru ya kai sakan 0.34. Makami mai linzami na Scud yana cin fiye da rabin kilomita a wannan ɗan lokaci. Na'urar ta nemi shi inda ba ya nan, ya faɗa kan masaukin sojoji, mutum 28 suka mutu.

Irin waɗannan kurakurai na ɓuya ne saboda ba mai zama watanni yana gwaji. Don haka masu rubuta manhaja suka nemi hanyar jawo ranar cikar kusa. Manhajar Linux, wadda ke ƙarƙashin wayoyin Android da miliyoyin na'urori, ba ta fara ƙirgar bugunta daga sifili. Da gangan aka sa ta faro daga minti biyar kafin cikar ma'aunin, ta yadda duk wani shirin da bai iya jure komawa sifili ba zai nuna aibinsa tun injiniya na zaune a gaban na'urar, kafin ta bar ɗakin gwaji.